Naɗar Samfurin Sauti a Kibod da Gyara Shi: Inda Wahalar Take

Kibod na kiɗa yana samar da sauti ta ɗayan hanyoyi biyu. Ko dai ya ƙirƙiro shi da kansa ta hanyar lantarki da lissafi, ko kuma ya sake kunna wani sauti da aka riga aka naɗo daga waje, kamar bugun ganga, ko busar sarewa, ko muryar mutum. Wannan guntun sautin da aka naɗa, aka adana, aka kuma ɗora a kan maɓallai domin a riƙa kaɗa shi da yatsu, shi ake kira samfuri. Galibin muryoyin da kibod yake zuwa da su daga masana'anta, irin su fiyano da jita da goge, samfura ne da injiniyoyin kamfani suka naɗa suka gyara tun kafin na'urar ta shiga kasuwa. Sai dai akwai kibod da ke ba mai shi damar ya naɗi nasa sautin, kuma a nan ne mutane da yawa suke gano cewa danna maɓallin naɗa shi ne mafi sauƙi a cikin aikin gaba ɗaya.

Dalilin haka shi ne na'urar ba ta san kiɗa ba. Abin da take riƙe da shi jerin lambobi ne kawai, kuma a asalin ƙirarta dabara ɗaya take da ita ta sauya kaifin sauti, wato ta karanta lambobin nan da sauri idan ana son sauti siriri, ko ta karanta su a hankali idan ana son mai kauri. Ke nan kaifin sauti da tsawon lokacinsa a ɗaure suke da juna, ba a taɓa ɗaya ba tare da ɗayan ya motsa ba. Kusan duk wani aikin gyara da za a ambata a nan ƙoƙari ne na shawo kan wannan ɗaurin, ko kuma na ɓoye shi daga kunnen mai sauraro.

Tunanin ya girmi kwamfuta a fagen kiɗa. Mellotron, wanda aka fara ƙerawa a birnin Birmingham na Ingila a 1963, yana da zaren kaset a ƙarƙashin kowane maɓalli, kuma zaren ba ya wuce kimanin daƙiƙa 8, saboda haka duk wanda ya daɗe yana danne da maɓalli sai sauti ya ƙare masa. A 1979 Peter Vogel da Kim Ryrie suka fito da Fairlight CMI a ƙasar Ostareliya, wanda ya mayar da sautin lambobi, amma farashinsa ya kai dubun-dubatar daloli. Emulator na kamfanin E-mu ya biyo baya a 1981, sannan Ensoniq Mirage ya sauko da farashi ƙasa da dala 2,000 a 1984. Ƙaramin Casio SK-1 kuwa, wanda ya fi kama da abin wasan yara, daƙiƙa 1.4 kacal yake iya naɗa. Ƙarancin wurin ajiya na wancan zamani shi ya tilasta wa masu sana'ar ƙirƙiro dabarun da har yau ake amfani da su, ko da yake yanzu wurin ajiyar ya yalwata.

Idan sauti ya shiga makirufo, yana komawa wutar lantarki mai hawa da sauka. Wani sashe na kibod yana auna ƙarfin wannan wutar a kai a kai, yana rubuta kowane awo a matsayin lamba. Yawan awon da ake yi a daƙiƙa ɗaya shi ne ma'auni na farko. Faifan CD yana amfani da awo 44,100 a daƙiƙa, wasu kibod kuma 48,000. Ba da ka aka zaɓi waɗannan lambobi ba. Ƙa'idar da ake jinginawa ga Harry Nyquist da Claude Shannon ta nuna cewa dole yawan awo ya zarce ninki biyu na yawan girgizar da sauti mafi kaifi da ake son kamawa yake yi a daƙiƙa, kuma tunda kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin girgiza daga kimanin 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, awo 44,100 ya wadatar har da ɗan rara. Sautin da ya wuce rabin yawan awo ba ɓacewa yake yi ba, rikiɗa yake yi ya dawo a matsayin wani sauti na ƙarya. Misali, girgiza 30,000 idan aka auna ta da awo 44,100 za ta fito a matsayin 14,100, wadda babu ita sam a cikin abin da aka naɗa. Shi ya sa ake sa matacin sauti a ƙofar shiga domin ya tare irin waɗannan tun kafin a auna.

Ma'auni na biyu shi ne yawan matakan da kowane awo zai iya faɗawa a kai, wanda ake ƙirgawa da bit. Bit 8 yana ba da mataki 256, bit 16 yana ba da 65,536, bit 24 kuma sama da miliyan 16. Kowane bit ɗaya yana ƙara kimanin desibel 6, wato ma'aunin ƙarfin sauti, a tazarar da ke tsakanin sauti mafi rauni da mafi ƙarfi, don haka bit 16 yana ɗaukar kusan desibel 96. Daga nan lissafin wurin ajiya a fili yake: minti ɗaya na sautin sitiriyo, mai layi biyu na lasifikar hagu da ta dama, a awo 44,100 da bit 16 yana cin fiye da megabait 10 da ɗan kaɗan, na mono mai layi ɗaya kuma rabin haka. Masu talla suna son ɗaga waɗannan lambobi, amma a ganina duk kibod ɗin da ya kai matakin CD, wanda Akai S1000 ya kai tun 1988, ya riga ya wuce inda lambobi za su zama uzuri. Abin da ya rage yana hannun mai naɗa.

Babban abin da ke hannun nasa shi ne ƙarfin shigar sauti. Na'urar lambobi tana da rufi, kuma duk abin da ya kai rufin yanke kansa ake yi, sai a ji sautin ya fashe yana ƙarar tsagewa. Wannan ɓarna ba ta gyaruwa, domin abin da aka yanke ba a rubuta shi ko'ina ba. Idan kuma aka ji tsoro aka yi ƙasa sosai, sautin zai zauna kusa da shuuu ɗin da kowane kayan lantarki yake yi, kuma ranar da aka ɗaga shi sai shuuu ɗin ya taso tare da shi. Hanyar da ta fi lafiya ita ce a sa mai kiɗan ya buga bugunsa mafi ƙarfi tun kafin a fara, a daidaita ma'auni yadda ƙololuwar za ta tsaya desibel 6 zuwa 12 ƙasa da rufi. Barin desibel 6 asarar bit ɗaya ne kawai, kuma wannan ƙaramar asara ce idan aka kwatanta da samfurin da ya fashe. Sai kuma a kula da ramin da aka soka waya, domin siginar makirufo mai rauni ce ƙwarai kuma tana buƙatar a ƙarfafa ta, alhali wadda ke fitowa daga wata na'ura ta riga ta yi ƙarfi. Akwai kuma nau'in makirufo da ba ya aiki sai an ba shi wutar bolt 48 ta cikin wayarsa, kuma ba kowane kibod ne yake bayar da ita ba.

Ɗakin da aka yi naɗin shi ma yana shiga cikin samfuri, kuma wannan ya fi muni a kibod fiye da a waƙar da aka naɗa gaba ɗaya. Idan fanka tana juyawa a bayan samfuri ɗaya, mai kiɗa ya danna maɓallai biyar a lokaci guda, to fanka biyar zai ji, kowace da nata kaifin. Haka amsa-kuwwar bango take tsawaita a maɓallan hagu masu kaurin sauti ta gajarta a na dama masu kaifi. Don haka ya fi a naɗi sauti busasshe, makirufo kusa da abin kiɗa, a bar ƙarin amsa-kuwwa sai daga baya, tunda ƙara ta abu ne mai sauƙi amma cire ta ba haka ba. Yawancin kibod masu naɗa suna iya jira su fara naɗa da kansu da zarar sauti ya kai wani ƙarfi da aka ƙayyade. Dabara ce mai amfani ga wanda hannuwansa biyu suke kan abin kiɗa, sai dai idan aka ɗaga iyakar da yawa tana cinye bakin sautin. Gara a fara naɗa da wuri a yanke shirun daga baya.

Yanke shirun nan shi ne gyara na farko, kuma bai kamata a yi shi da garaje ba. A allon kibod sautin yana bayyana a matsayin zane mai hawa da sauka a kan layin tsakiya, kuma akwai alama biyu da ake matsarwa, ta farawa da ta ƙarewa. Idan aka bar shiru na kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa a gaba, wato awo 441, mai kiɗa zai ji kamar maɓallin yana masa nauyi, domin sauti yana makara bayan yatsa, daidai da jinkirin da ake samu idan lasifika tana nesa da mita uku da ɗoriya. Idan kuma aka matsa ciki da yawa, an yanke ainihin abin da kunne yake gane kayan kiɗa da shi. Ɗan ƙaramin lokacin nan na farko, inda guduma ke dukan zaren fiyano, ko yatsa ke fizgar tsirkiyar jita, ko iska ke fara shiga sarewa da ɗan huci, shi ne yake faɗa wa kunne ko mene ne ake kaɗawa. Kamfanin Roland ya gina D-50 na 1987 a kan wannan fahimta: gajerun samfura na bakin sauti kawai aka adana, sauran jikin sautin kuma na'ura ce take ƙirƙira, amma kunne yana karɓa. Saboda haka a buɗe zanen sosai har a ga inda layi ya fara karkacewa daga tsakiya, a ajiye alamar a gabansa kaɗan, sannan a gwada da yatsa, ba da ido kaɗai ba. Wutsiyar sauti ba ta da wannan tsanani. A bar ta ta mutu da kanta, ko a dusashe ta a hankali a ƙarshe don kada ta katse kwatsam.

Akwai umarnin da ke ɗaga samfuri har ƙololuwarsa ta taɓa rufi. Yana da amfani wajen daidaita samfura da aka naɗa a lokuta dabam-dabam, amma ba ya ƙara inganci ko kaɗan, domin komai yake ɗagawa, har da dattin. Idan an naɗi bugu mai taushi da mai ƙarfi da gangan, ɗaga kowanne shi kaɗai yana rusa bambancin da aka sha wahala aka samo.

Daga nan sai a faɗa wa kibod maɓallin da samfurin zai fito a kansa yadda aka naɗe shi, ba sauri ba jinkiri. Wannan shi ne maɓallin tushe. Idan sarewar ta busa sautin A mai girgiza 440 aka kuma ɗora ta a kan C, duk abin da aka kaɗa zai saɓa wa sauran kayan kiɗa. A nan akwai wani ɗan tarko: maɓallin C na tsakiya, mai lamba 60 a tsarin MIDI da na'urorin kiɗa suke sadarwa da shi, Yamaha yana kiransa C3 alhali Roland yana kiransa C4, kuma wannan kaɗai ya isa ya jefa samfuri sama ko ƙasa da maɓallai 12 idan aka ɗauko shi daga wata na'ura. Bayan tushe sai ƙaramin saiti, inda ake raba tazarar maɓalli ɗaya kashi 100. Hanya mafi aminci ita ce a kunna samfurin tare da wata murya ta cikin kibod, a saurari rawar da sautuka biyu suke yi idan sun kusa daidaita, a riƙa juyawa har rawar ta lafa.

Da an bar maɓallin tushe, ɗaurin nan da aka ambata sai ya bayyana. Hawa maɓalli ɗaya yana ƙara saurin karatu da kusan kashi 6 cikin ɗari. Hawa 12 yana ninka shi, sai samfurin daƙiƙa 2 ya koma daƙiƙa 1, sauka 12 kuma ya mayar da shi daƙiƙa 4. Ba tsawon kaɗai yake canzawa ba. Kowane abin kiɗa yana da wasu wurare da jikinsa yake ƙarfafa sauti, waɗanda girman akwatinsa ko maƙogwaron mai waƙa suka tsayar, kuma a zahiri ba sa motsi ko mai waƙa ya hau ko ya sauka. Kibod kuwa har da su yake ja, shi ya sa muryar babban mutum take komawa ta ɗan tsana a dama, ta dodo a hagu. Maganin shi ne a naɗi sautuka da yawa a raba musu maɓallai. Idan aka ɗauki samfuri ɗaya a kowane maɓallai uku aka ajiye shi a tsakiya, babu wanda za a ja fiye da mataki ɗaya, kuma fiyano mai maɓallai 88 zai buƙaci samfura wajen 30. Sannan bugu mai ƙarfi ba ƙara kawai ya fi mai taushi ba, ya fi shi haske ma, don haka ake naɗar kowane sauti a matakan ƙarfi dabam-dabam, a raba su bisa lambar ƙarfin dannawa wadda take tafiya daga 1 zuwa 127. Mataki huɗu a wurare 30 ya zama samfura 120, kowanne da nasa yankan da nasa saitin. Wanda zai yi wannan aiki ya dinga sauraron kan iyaka, wato maɓallai biyu maƙwabta da ke ƙarƙashin samfura dabam, domin a nan ne bambanci yake tona kansa.

Mafi wuyar duka shi ne maimaici. Sarewa da goge da murya suna iya daɗewa gwargwadon yadda mai kiɗa ya riƙe maɓalli, amma samfuri yana da ƙarshe. Sai a zaɓi wani yanki a tsakiyarsa, bayan bakin sautin ya wuce ya daidaita, a umarci kibod ya riƙa zagaya yankin har a saki maɓalli. Aikin kamar haɗa bakin ƙyalle mai zane ne, inda ake son furen wannan gefe ya shiga na wancan yadda ba za a ga ɗinki ba. Idan ƙarshen yankin yana sama, farkonsa kuma yana ƙasa, za a ji ƙyas a kowane zagaye. Don kauce wa haka ake ajiye alamun biyu a daidai inda zanen yake ratsa layin tsakiya, kuma duka biyun suna fuskantar gefe ɗaya, ko hawa ko sauka. Kibod da yawa suna da zaɓin da ke sa alama ta riƙa tsalle daga mararraba zuwa mararraba.

Rashin ƙyas bai isa ba. Yankin dole ya ƙunshi cikakkun zagayen girgiza, kuma lissafi ba ya cika faɗawa daidai. Sautin 440 a awo 44,100 yana cin awo 100 da ɗan ɗigo a kowace girgiza, saboda haka gajeren maimaici na awo 100 cif zai fito da 441, ya ɗan ɗara asalin kaifi, kuma a sautuka masu kaifi sosai wannan kuskure yana girma har kunne ya ji tsalle a lokacin da aka shiga maimaicin. Gajeren maimaici kuma yana daskarar da sauti ya mayar da shi kamar kukan na'ura. Dogo ya fi rai, amma yana ɗauke da duk canjin da ke cikinsa: idan mai busa ya ɗan rage iska a ƙarshen yankin, za a riƙa jin sauti yana kumbura yana sacewa a kowane zagaye. Idan akwai karkarwar murya a ciki, dole yankin ya dace da zagayenta ita ma, sannan ga shi za ta yi sauri a dama ta yi nawa a hagu, wanda shi ne dalilin da ya sa ƙwararru suka fi son a naɗi sauti miƙaƙƙe a bar wa kibod ya ƙara karkarwa da kansa. Inda aka rasa mahaɗa mai kyau, sai a koma ga cuɗanya, inda na'ura take dusashe ƙarshen yankin tana shigo da sautin da ke gab da farkonsa a lokaci guda har su narke cikin juna. Tana ceton samfura da yawa, musamman na taron masu goge ko taron muryoyi, amma tana sake rubuta lambobin ne, don haka a yi ta a kan kwafi. Sitiriyo ya ƙara tsananta lamarin, tunda mahaɗar da ta dace da layin hagu ba lallai ta dace da na dama ba, kuma a kibod da yawa yana cin muryoyi biyu daga adadin da na'ura take iya fitarwa a lokaci guda. Ga sautin da ke fitowa daga wuri ɗaya, mono ya wadatar.

Jimlar kiɗa, kamar zagayen ganguna, tana da nata hukuncin. A nan tsawo ne abin lura: bugu huɗu a saurin bugu 120 a minti daƙiƙa 2 ne cif, wato awo 88,200, kuma kuskure ƙanƙani yana taruwa zagaye bayan zagaye har kiɗan ya zame daga sauran. Idan ana son canza saurinsa ba tare da kaifi ya motsa ba, hanya biyu ce. Ta farko a yanyanka jimlar bugu-bugu, a ɗora kowane yanki a kan maɓallinsa, a bar mai jera kiɗa na cikin kibod ya kunna su a sabon sauri, dabarar da manhajar ReCycle ta yaɗa daga 1994. Ta dace da ganguna, ko da yake idan aka rage sauri sosai ana jin giɓi tsakanin yankunan. Ta biyu ita ce miƙa lokaci, inda na'ura take maimaita ko zubar da mitsi-mitsin gutsattsari. Wannan ta fi dacewa da murya da sautuka masu tsawo, amma tana dakushe bakin bugu, kuma da an ja ta da nisa sai a fara jin wani ƙarfe-ƙarfe a cikin sautin.

Bayan wannan duka sai tsarin tashi da faɗuwa, wanda yake ƙayyade yadda sauti zai tashi, ya sauko, ya tsaya, ya kuma mutu bayan an saki maɓalli. Ganga ana barinta ta kai ƙarshe ko an ɗage yatsa. Sautin da ke da maimaici yana buƙatar ɗan lokacin mutuwa, in ba haka ba zai yanke kamar an zare waya. Haɗa matacin sauti da ƙarfin dannawa, yadda bugu mai taushi zai fito a dushe, yana rage buƙatar matakai da yawa.

Ajiya ita ce inda ake yawan asarar aikin yini guda. A kibod da yawa samfurin da aka naɗa yana zaune ne a ma'adanar wucin gadi wadda take shafewa da zarar wuta ta yanke, kuma adana muryar da aka gina ba lallai ya adana samfuran da take dogaro da su ba, domin sau da yawa muryar adireshinsu kawai take riƙe da shi. Sai an adana duka biyun tare, an kashe na'urar, an kunna, an loda, sannan a tabbata. A riƙe asalin naɗin da ba a taɓa ba a tsarin fayil na WAV, wanda yake iya ɗaukar bayanin maɓallin tushe da alamun maimaici, ko da yake ba kowane kibod yake karanta su ba. MP3 bai dace da wannan aiki ba, saboda yana zubar da wani sashe na sautin kuma yana ƙara ɗan shiru a farkon fayil, abin da ke lalata yankan da aka auna. Wanda kuma ya ɗebo samfurinsa daga faifan wani maimakon ya naɗa da kansa, ya sani cewa naɗin da kuma waƙar da ke cikinsa kowanne yana da mai haƙƙin mallaka, kuma ana neman izininsu kafin a fitar da aikin kasuwa.